Tsohuwar mota daga Turai: wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa

A ƙasashen Turai akwai wata kasuwa da ba mu da irinta a nan, kasuwar tsofaffin motoci masu daraja, inda motar da ta shekara 40 ko 50 takan fi sabuwa dal tsada. A da, labarin wannan kasuwa sai wanda ya je Faransa karatu ko fatauci yake dawowa da shi, jama'a su saurara su yi dariya, su ce Bature bai san zafin nema ba. Yau kuwa wayar hannu ta kawo kasuwar har cikin rumfunanmu da ofisoshinmu. Ɗan kasuwa a Maraɗi ko babban ma'aikaci a Yamai yana zaune sai ya ga hoton Peugeot 504, ko Mercedes irin wadda mahaifinsa ya hau, tana ƙyalli kamar yau ta fito daga masana'anta. Nan take zuciya ta tuna masa da ƙuruciya, ya shiga lissafin yadda za a yo masa odarta.

Ba mu ga laifin wannan sha'awa ba. Mutum da dukiyarsa ta halal yana da ikon ya sayi doki, ko ya gina bene, ko ya ajiye motar da ransa yake so. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, darajar irin wannan mota daga kulawa ta samo asali, kulawar da wasu suka yi mata shekara da shekaru ba tare da gajiyawa ba. Ranar da ta tsaya a ƙofar gidanka, wannan nauyi ya dawo wuyanka. Idan ba ka da haƙuri, ba ka da makanike na amana, ba ka da inuwar ajiye ta da kuɗin ɗawainiyarta, to damina biyu sun isa su mai da ita akwala, kuɗinka kuma ya bi ruwa. Wannan magana, kamar yadda za mu gani, ta wuce batun mota, ta taɓo yadda muke riƙon dukiya a ƙasar nan, tamu da ta gwamnati.

Me ya sa tsohuwa ta yi daraja?

Ba kowace tsohuwar mota ce ke shiga wannan sahu ba. A Faransa doka ta gindaya sharuɗɗa 3 kafin a ba mota kart-giriz irin ta motocin tarihi: ta haura shekara 30, a daina ƙera irinta, kuma kada a sauya mata siffofinta na asali. Wadda ta cika su ana kai ta binciken lafiya sau ɗaya a shekara 5, alhali sauran motoci duk shekara 2 ake kai su. Jamus ta fito da lamba ta musamman mai harafin H a 1997, ita ma domin motocin da suka kai shekara 30 kuma aka adana su yadda ya kamata. Ingila tana yafe harajin hanya ga wadda ta haura shekara 40.

A cikin waɗannan sharuɗɗa, na uku shi ne mai wuya. Shekaru kowa yana tara su. Ko akwalar da ke bayan tasha, wadda kaji ke ƙwai a cikinta, ta haura 30. Abin da ba a samu a banza shi ne mota mai injinta na asali, kujerunta na asali, da littafin da ke nuna ranar da aka yi mata kowane juyen baƙin mai da kowane gyara tun daga mai ita na farko. Masu sayen irin waɗannan motoci a can, wannan littafi suke fara tambaya kafin su dubi fenti. Ke nan abin da ake biyan miliyoyi dominsa tarihin riƙo ne na gari.

Mun taɓa mallakar su, ina suka shiga?

Abin da zai ba mai tunani mamaki shi ne, yawancin motocin da ake mana kwaɗayinsu yau ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Peugeot 404 ta fito a 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai. Ƙanwarta 504 ta biyo baya a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma ci gasar Safari ta gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 ce masana'antar harhaɗa Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, ta ci gaba da fitar da 504 har 2006, alhali Faransa ta daina ƙera ta hawa tun 1983. Mercedes samfurin W123, wadda alhazanmu suka yi yayi, an ƙera ta daga 1976 zuwa 1986, guda kusan miliyan 2 da dubu 700. Land Cruiser jerin 40, wadda ta san kowane kwari na Abzin da Damargu, ta yi zamani daga 1960 zuwa 1984.

Dattawanmu suna tune da shekarun 1970 da 1980, lokacin da samarin Turai kan sayi tsofaffin Peugeot da araha, su tsallaka da su teku zuwa Aljeriya, su ratsa Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Tawa ko Yamai, sannan su koma gida a jirgin sama da kuɗin a aljihu. Tawayen arewa da rikicin Aljeriya na farkon shekarun 1990 suka kashe wannan hanya, tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta gaje ta, har "ƴar Kwatano" ta zama sunan kowace motar gwanjo.

To ina waɗannan motoci suka shiga? Mafi yawansu sun mutu ne a bakin aiki. Sun ɗauki albasar Galmi da ayar Maraɗi da gyaɗar Damagaram, sun yi jigilar fasinja a kan hanyar Yamai zuwa Damagaram mai tsawon kusan kilomita 900, an ɗora musu kaya ninkin abin da aka ƙera su dominsa. Ba za mu zargi direban da ya ci da iyalinsa da motarsa har ta ƙare ba, domin ta yi abin da aka saye ta ta yi. Amma akwai waɗanda ba aiki ya kashe su ba, sakaci ne: motar da ƙaramin abu ya lalace mata aka ɗora ta bisa duwatsu "kafin a samo kayan", aka cire batir yau, aka kwance fitila gobe, har ta zama ƙwarangwal. Duk wanda ya taɓa shiga harabar wata ma'aikatar gwamnati ya san irin wannan maƙabarta. Yanzu ga mu muna shirin fitar da kuɗin waje mu sayo a hannun Bature irin abin da muka bari ya ruɓe a bayan ofisoshinmu.

Lissafin da hoto ba ya nunawa

Wanda ya yanke shawarar saye, ya fara da alƙalami da takarda. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. A ce an yi cinikin mota a yuro 10,000; sefa miliyan 6 da dubu 560 ke nan, tana can zaune a garejin mai ita. Sai kuɗin kai ta bakin teku, da kuɗin jirgi, da inshorar tafiya, da kuɗin ajiya a tashar da za ta sauka, da ladan mai fiton kaya. Daga Kwatano zuwa Yamai ta Malanbil da Gaya ya haura kilomita 1,000, kuma mota irin wannan ba a ba direban hanya ya koro ta, ɗauko ta ake yi bisa wata motar. Ƴan kasuwarmu sun ga yadda rufe iyakar Gaya a 2023 ya tilasta kaya zagayawa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙara yawa. Bayan duk wannan ga duwan tana jira, inda harajin TVA kaɗai kashi 19 cikin ɗari ne, ban da kuɗin fito da sauran ƙananan haraji. Kada kuma mai saye ya ɗauka cewa gatan da motar take da shi a Faransa ko Jamus zai biyo ta. Takardar wata ƙasa ba ta yi wa jami'in duwan namu umarni.

Akwai kuma darasin da ma'aikatan da suka manyanta ba su manta ba. Ranar 11 ga Janairu 1994 aka sanar a Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa da ke sefa 50 ya wayi gari sefa 100. Duk abin da ake sayowa daga Turai farashinsa ya yi tsalle, har da kayan gyaran mota, motoci da yawa kuma suka kwanta a lokacin ba su sake tashi ba. Wanda ya ajiye motar da kowane ƙusanta sai an yi odarsa da yuro, ya ɗaure aljihunsa ke nan da shawarar da ake yankewa a ɗakunan da ba a gayyatarsa.

Saboda haka zaɓen samfuri shi ne rabin dabara. Peugeot 504 tana da dangi a kusa: kayanta, sabo da gwanjo, ana neman su a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da wuraren masu tsofaffin ƙarafa na Yamai kamar Katako. Mercedes da Land Cruiser ma makanikanmu sun san cikinsu. Abin da ya gagara a nan, kamfanonin kansu suna da sassan kula da tsofaffin motocinsu: Peugeot a Sosho, inda ta buɗe gidan tarihinta a 1988, Mercedes kuma a Felbak kusa da Shitutgat, tun 1993. Amma wanda ya ɗauko ƙatuwar motar Amurka mai shan mai kamar rairayi, ko ta Ingila mai sitiyari a dama alhali mu a hannun dama muke tuƙi, to ya kawo marainiya cikin garin da ba ta da kowa.

Sannan kada a sayi mota bisa hoto. Turawa suna zuba gishiri a kan hanyoyinsu lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ne ajalin ƙarfe. Mota tana iya ƙyalli a sama alhali tsatsa ta cinye ƙasanta, an cike ramukan da ƙullun gyaran jiki an shafe da sabon fenti. Ɗan maganaɗisu yana tona wannan asiri, domin ba ya kama wurin da babu ƙarfe. A samu wanda aka yarda da shi ya je ya gani da ido, a ɗaga motar a leƙa ƙarƙashinta, a gwada lambar shasi da wadda ke cikin takardu. Araha ba ta ado.

Watan farko na gareji ne

Kuskuren da ya fi kashe irin waɗannan motoci shi ne zumuɗi. Mota ta iso ranar Laraba, ranar Juma'a an wanke ta an kama hanyar Birnin Ƙwanni don a nuna wa dangi. Alhali motar tarihi a Turai zama take yi, ba ta fita sai ƴan kwanaki a shekara, lokacin da rana ta yi kyau. Zama kuwa ciwo ne ga mota. Robobi suna bushewa su tsattsage, tankin mai yana yin tsatsa daga ciki, man birki yana shan ruwa daga iska har ƙarfinsa ya ragu, shi ya sa masana suka ce a canza shi duk shekara 2 ko da ba a hawa motar.

Don haka watan farko na gareji ne. A juye duk wani mai da ruwa da ke cikinta: baƙin mai, man giya, man birki, ruwan lagireto. A canza duk bututun roba da mai ko ruwa ke bi, domin bututun fetur da ya tsage kusa da inji mai zafi shi ne mafarin gobara. A sauke tanki a wanke. A duba birki ƙafa huɗu. A karanta shekarun taya: a gefen kowace taya da aka ƙera daga 2000 zuwa yau akwai lambobi 4, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, tayar da ta tsufa, ko zanenta yana nan daram, kwaltar watan Afrilu tana iya fasa ta. A bi wayoyin lantarki ɗaya bayan ɗaya, kuma kada a yarda yaron gareji ya maye gurbin fis da guntun waya.

Sai maganar yanayi. Motar da aka daidaita don sanyin Faransa za ta tarar da zafin da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Lagireto mai toshiya da zai wuce a can, a nan ba zai kai ka Doso ba. A wanke shi ko a sake masa ciki, a zuba ruwan sanyaya inji na ainihi, a bar ruwan rijiya mai barin ƙanzo. Akwai wata al'ada ta gareji, da mota ta fara zafi sai a cire ɗan abin da ke daidaita zafin inji a jefar. Wannan ɓoye cuta ne, domin dalilin zafin yana nan inda yake. Ƙurar hunturu kuma tana buƙatar a riƙa duba matacin iska a kai a kai, a kuma matso da lokacin juyen mai kusa fiye da abin da littafin Bature ya faɗa. Na'urar sanyi ta waɗannan motoci da iskar R12 take aiki, wadda yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta sa aka daina yi, saboda haka sai an sauya tsarinta kafin ta yi amfani.

Man fetur ma abin lura ne. An ƙera tsofaffin injuna a zamanin da ake zuba dalma a cikin fetur. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da irinsa daga farkon 2006, duniya gaba ɗaya kuma ta rabu da shi a 2021 da Aljeriya ta daina. Wannan alheri ne ga lafiyar ƴaƴanmu, amma wasu tsofaffin injuna suna buƙatar ɗan gyara a kan inji, ko wani sinadari da ake ɗigawa a tanki. Sai a tambaya a san ko taka tana cikinsu. Tun 2011 muna da matatar SORAZ a Damagaram, gidajen mai kuma sun yawaita. Wanda ya zuba miliyoyi a mota sannan ya tsaya bakin hanya yana ɗura mata man kwalba don ya rage ƴan daloli, kafireto ne zai fara ba shi amsa.

Ƙasarmu tana da gata ɗaya da Turai ba ta da shi: bushewar iskarmu ba ta barin tsatsa ta yi ɓarna sosai. Sai dai abin da tsatsa ta bari rana tana ci, ta ƙona fenti, ta fasa gaban mota, ta busar da kujeru. Inuwa mai rufi wajibi ce, kuma a riƙa fita da motar ko sau ɗaya a mako har inji ya yi zafi sosai.

Da tsohuwar zuma ake magani

Duk abin da muka lissafa a sama hannun mutum ne zai yi shi, kuma a nan ne babbar damuwarmu take. Motocin yau kwamfuta ake jona musu ta faɗi ciwonsu, samarin gareji kuma abin da ke kawo kuɗi shi suke koya, ba mu ga laifinsu ba. Amma injin 504 ba shi da ramin jona kwamfuta. Kunne yake so da hannu: dattijon da zai saurari ƙarar inji ya ce bawul ne ko fulogi, ya daidaita kafireto da ɗan sukurdireba har inji ya kwanta ya yi lumfashi. Irin waɗannan dattawa suna nan a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, amma kullum raguwa suke yi, wasu ido ya raunana, wasu sun koma gona, wasu sun riga mu gidan gaskiya da iliminsu a ƙirji.

Mai tsohuwar mota ya nemi irin wannan dattijo tun kafin motar ta iso, ya biya shi hakkinsa ba tare da ƙwauro ba, ya kuma roƙe shi ya riƙe yaro ɗaya kusa da shi yana koyo. Ya guji makaniken da maganinsa na kowace cuta shi ne "Alhaji, mu cire injin nan mu sa na Toyota". Motar za ta yi tafiya, gaskiya ne, amma daga ranar ta fita daga sahun motocin tarihi. Duk abin da aka cire na asali a adana shi, duk gyaran da aka yi a rubuta shi da rana da kilomita a cikin littafi. Wannan littafi gadon motar ne.

A kuma san iyakarta. Motar shekarun 1970 ba ta da jakar iska mai kare fasinja, yawancinsu ba su da birkin zamani mai hana taya kullewa, fitilunta ma ba su kai na yau haske ba. Ba ita ce za a cika da mata da yara a kama doguwar hanya da dare ba, a kan titin da dabbobi da amalanke da ramuka suke jira.

Masu suka suna da hujja

Wasu za su ce, a ƙasar da talaka ke neman tiyar hatsi, zancen motar ado almubazzaranci ne. Wasu kuma za su ce Turai ta riga ta mai da Afirka jujin motocinta, ina dalilin ƙara wata ƙofa? Hujja ta biyu tana da lambobi a bayanta. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. A wannan shekara ta 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince da ƙayyade shekarun motocin da za a riƙa shigowa da su, 5 ga ƙanana, 10 ga manya. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka tsara wannan al'amari ya rataya kacokan a wuyan hukumominmu.

Amsarmu ita ce a bambanta. Motar tarihi ɗaya da ke fita ranar salla da ranar biki ba ita ke turnuƙe Yamai da hayaƙi ba. Akwalolin da ke yini suna zirga-zirga ba birki ba fitila su ne matsalar. Kuɗin da ake kashewa wajen riƙon tsohuwar mota kuwa, babban kasonsa a nan yake zama, a hannun makanike da mai walda da mai fenti da mai ɗinkin kujera. Idan hukuma za ta rubuta doka, ta keɓe wa motar tarihi gurbi mai sharuɗɗa bayyanannu: shekaru, asali, binciken lafiya, lamba ta daban, da hana yin haya da ita. A buga sharuɗɗan kowa ya karanta. In aka bar abin ga ganin damar jami'i, to gobe kowace akwala mai uban gida za ta shigo da sunan tarihi, mai gaskiya kuma a bar shi yana safa da marwa tsakanin ofisoshi.

Ga ɗan kasuwa, ga ma'aikaci, ga hukuma

Ga ɗan kasuwa muna cewa: kada ka ɗauki wannan mota a matsayin jari. Farashin da kake gani a waya farashin kasuwar Turai ne, inda akwai masu saye da masu ƙima da masu gwanjo. A nan, ranar da ka matsu, mai tayawa zai taya ta ne a matsayin tsohuwar mota, kuɗin jirgi da na duwan da ka biya kuma ba mai mayar maka. Ka saya da rarar da in ta tafi ba za ta girgiza rumfarka ba.

Ga ma'aikaci muna cewa: albashi ba ya ɗaukar kishiya irin wannan. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 sun san ɗacin watannin da albashi bai fito ba. Kada a ci bashin banki don abin da ba ya kawo ko dala, zanen aro ba ya rufe katara. Wanda kuma albashinsa sananne ne, aka wayi gari ya jera motocin ado a gida, kada ya ji haushi in jama'a suka tambayi inda kuɗin ya fito. Tambayar hakkinsu ce, jarida kuma aikinta ne ta maimaita ta.

Ga hukuma muna da buƙatu 3. Na farko, a ƙirga tsofaffin motocin gwamnati da ke kwance a harabobin ma'aikatu, a tantance masu tarihi, sauran a yi gwanjonsu a bainar jama'a, ba a raba wa ƴan uwa da abokai a ɓoye ba. Na biyu, gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, kuma yake adana itaciyar Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973, a keɓe masa rumfa ta motocin da suka yi wa ƙasar nan bauta, daga ta ɗaukar gyaɗa har ta ɗaukar marasa lafiya, don yaranmu su ga abin da kakanninsu suka hau. Na uku, makarantun koyon sana'a, irin su makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi, su buɗe ƙofa ga tsofaffin makanikai su koyar, ko da ba su da takardar shaida, domin abin da ke hannunsu babu shi a allo.

Kafin mai karatu ya aika kuɗinsa Turai, muna ba shi shawara ya zagaya unguwarsu tukuna. Mai yiwuwa a bayan gidan wani dattijo akwai 504 da ta shekara 10 a rufe, jikinta ba tsatsa, takardunta na nan ƙasar, mai gyaranta yana raye a bakin kasuwa. Tada irin wannan ya fi arha, kuɗin a gida zai tsaya, kuma tarihin da ke cikinta namu ne. Wanda duk da haka ransa ya tsaya kan ta waje, to ya saya ido buɗe, ya tanadi inuwa da littafi da makanike tun jirgi bai taso ba. Mu dai mun faɗi tamu. Allah Ya ba mu ikon riƙon abin da muka mallaka.